Kar a Sa Babba

Tcholliré, farkon damina

Yaya Mukhtar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka da sauƙi. Yaya hannun da ƙafar? Ka gaishe mini da matarka Hadje, Allah ya saka mata bisa ɗawainiyar da take yi da kai.

Ka yafe mini kiran da na yi ranar Juma'a. Na san tun da ɓarin jikinka ya shanye harshe ya yi maka nauyi, amma na ɗauka zan gane ko kaɗan. Ban gane ba. Na yi ta cewa "na'am? na'am?" har na ji ka ajiye wayar. Ba zan sake yi maka haka ba. Hadje ta ce ka fara rubutu da hagu, to mu koma takarda. Direbobin ajans, wato tashar motocin haya, za su riƙa kai mana.

Maigidana Abduljalil yana nan yadda ka sani. Wankin ƙoda a Garoua, Litinin da Alhamis. In an wanke shi sai ya dawo mutum, ya ci abinci, har ya tsokane ni. Kafin wani zuwan ƙafafu sun kumbura, numfashi ya gajarce, mu sake ɗaukar hanya. Likita ya ce mu tare a Garoua. Shi kuwa ya ce ba zai bar mahaifiyarsa Inna ba, ga tsufa ga rashin gani, ita kuma ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakin da mijinta ya bar ta. Haka muke, ni ce direba.

Maganar motar ce ta sa na rubuto. Wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabana, ba ta mutuwa. Motar tana shan mai fiye da da, da safe tana baƙin hayaƙi. Wannan duk zan jure. Abin da ya tsorata ni, sau biyu ke nan tana mutuwa murus a kan gargadar da ke tsakaninmu da Guidjiba. Maƙwabcinmu Bertrand, mai gyaran babura, ya gano fiyus ne yake ƙonewa, wani shuɗi mai lamba sha biyar. Ya ba ni guda-guda a leda, ya nuna mini yadda ake canzawa. In na canza sai ta tashi.

A Garoua wani makanike ya jona mata na'urar da suke kira valiz. Ya ce "sond" ce ta lalace, ya sa sabuwa. Ba mu kai Ngong ba fitilar ta dawo.

Yaya, ba a yi mai gyaran wutar mota kamarka a Maroua ba. Ban roƙe ka ka tashi ba, kanka kawai nake so. Idan motar nan ta tsaya, Abduljalil ne ya tsaya.

Ƙanwarka,
Safiyatu


Domayo, Maroua

Safiya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Jiki da sauƙi, ana cewa. Ƙafa tana ja, hannun dama yana kwance a cinya kamar na aro. Hadje tana amsawa. Ki gaishe da Abduljalil da Inna. Kiran waya kuma ki bar tuna shi, ni ma ba na gane abin da bakina yake faɗa.

Ki yi haƙuri da rubutun. Hagu ba ta yi makaranta ba.

Sond hanci ce. Tana ɗaure a jikin salansa, tana shinshinar hayaƙi, tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko iska ce ta yi yawa. Amma ba ta jin ƙanshi sai ta yi zafi sosai. Shi ya sa aka sa mata 'yar hita a ciki. In hita ba ta samun wuta, hanci ya toshe, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba mai a makance. Ga baƙin hayaƙinki nan.

Na tabbata valiz ba ta ce sond ta mutu ba. Cewa ta yi hanyar wutar hita tana da matsala. Hanyar kuwa doguwa ce, akwai fiyus, akwai waya, akwai soket, sannan hitar kanta. Mutumin Garoua ya sayar miki da ƙarshen hanya bai taka farkonta ba.

A wasu motoci fiyus ɗin hita shi ne kuma yake ba injin wuta. Taki irinsu ce, shi ya sa take mutuwa gaba ɗaya.

Ki kira Bertrand da mitarsa. Inji a sanyaye. A zare soket ɗin sond. Wayoyi huɗu ne, biyu launinsu ɗaya, su ne na hita. Ya sa mita a kan om ya auna tsakaninsu. In ta nuna ƙaramar lamba, tsakanin biyar da ashirin, hita lafiya. In ba ta nuna komai ba, ta tsinke. In sifiri ne, ta haɗe a ciki. Sannan a murɗa makulli ba a tayar ba, a auna ɓangaren mota, ɗaya daga cikin biyun dole ta kawo sha biyu.

In duk sun yi daidai, to waya ce ta goge a wani wuri, tana taɓa ƙarfe in mota ta yi tsalle. Ku bi ta da ido da yatsa.

Hannu ya fara gajiya. Akwai sauran magana amma sai wani karon. Abu ɗaya kawai. Fiyus ɗin nan, kara sa babba.

Yayanki,
Mukhtar


Tcholliré

Yaya Mukhtar,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi. Da na ga rubutunka sai da na zauna. Haruffan suna hawa suna sauka, amma muryarka ce a ciki, har da faɗan. Na karanta wa Abduljalil wajen hagu da makaranta, ya yi dariya sosai. Yana gaishe ka. Makon nan ƙafafun ba su kumbura da yawa ba.

Mun yi yadda ka ce. Bertrand ya zo da mita, ni ina riƙe da takardarka ina karanto masa, ina juya masa da Faransanci inda Hausarsa ta gaza. Hita ta nuna wajen tara. Wuta ta zo sha biyu. Mun bi wayar tun daga soket har inda ta shige cikin damin sauran wayoyi, ba mu ga ko ƙwarzane ba. Wato sond ɗin da aka cire ma ƙila lafiyarta lau.

Ranar Alhamis fiyus ya sake ƙonewa a gangaren rafi, ana yayyafi. Ina canzawa ina jin Abduljalil yana jan numfashi a kujerar baya. Da muka dawo na sake ɗauko takardarka, na tsaya a kan layin ƙarshe. Ka ce fiyus ɗin, ƙara, sa babba. Na nuna wa Bertrand. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madam, ni dai ba haka aka koya mini ba. Fizibil, wato fiyus, ba a ƙara masa girma."

Na ce masa, "Yayana yana gyaran wutar mota tun kana goye. In ya ce a ƙara, akwai abin da ya gani."

Ya ce ko a jira a tambaye ka. Na ce Litinin ba ta jira. Ya sa wani kore mai lamba talatin, yana sawa yana girgiza kai.

Yaya, ga shi mun je mun dawo, mun sake zuwa mun dawo, ko tari ba ta yi ba. Fitilar tana nan a kunne, amma ni da ita mun saba. Rabon da in yi tuƙi kafaɗuna a sake har na manta. A hanya Abduljalil ya sa na tsaya muka sayi masara gasasshiya, ya ci rabi duk da likita ya hana.

Ka rubuto ka gaya mini sauran maganar da ka ce akwai. In talatin ɗin ya yi kaɗan ma ka faɗa.

Ƙanwarka,
Safiyatu


Garoua, daga asibiti

Yaya Mukhtar,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Shiru ya yi yawa. Kullum ina zuwa ajans ina tambaya, suna ce mini babu takarda daga Maroua. Na kira Hadje, wayarta a kashe. Ban sani ba ko fushi ka yi, ko takardata ce ba ta isa ba.

Ba a gida nake rubuto maka ba. An kwantar da Abduljalil.

Ranar Litinin ta makon jiya muka fito da sassafe. Mun yi nisa cikin daji, inda ba gari ba waya, sai na ji wari kamar an jefa bokitin roba a wuta. Kafin in yi magana hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, fari, mai yaji. Na taka burki na kashe makulli, hayaƙin bai tsaya ba. Abduljalil ya ce, "Batir! Cire kan batir!" Ba ni da sifana a kusa. Da dutse na buge shi har ya fita. Na ƙone a yatsu biyu, ban ma ji ba sai daga baya.

Da hayaƙin ya lafa na leƙa. Wayoyin sun narke sun zama abu ɗaya, kamar alewa. Fiyus ɗin kore kuwa yana nan lafiyarsa lau, ko ɗumi bai yi ba.

Na shimfiɗa masa zane a gindin wata bishiya. Babura suka wuce, amma ba zai iya zama a babur ba. Ruwa ya sauko, na mayar da shi cikin motar da warinta. Yana kallona yana cewa, "Kar ki damu, wani zai zo." Yana faɗa yana tsayawa tsakanin kalmomi. Sai bayan la'asar wata babbar mota mai ɗauke da buhunan gawayi ta tsaya. Suka ɗora shi a gaba, ni a kan buhuna. Ta sauke mu a Guidjiba, muka kwana a rumfar wani mai shayi, washegari muka iso.

Layinsa ya riga ya wuce. Injinan wankin ƙodar kaɗan ne, kowanne da mai shi, kowa kuma ransa ne a kai. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, sun sama masa wuri ranar Laraba. Amma kafin nan ruwa ya hau masa ƙirji, zazzaɓi kuma ya shiga ta wurin robar da ke wuyansa. Yanzu a zaune yake barci, in ya kwanta sai ya ji kamar ana danna shi cikin kogi.

Bertrand ya nemo wanda ya jawo motar, tana wani garaji nan Garoua kusa da gada. Inna tana hannun Rosalie, matar Bertrand.

Yaya, na yi abin da ka ce. Ban ƙara ban rage ba. Ka gaya mini me ya faru.

Safiyatu


Domayo

Safiya,

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba fushi ba ne. Na sake faɗuwa a banɗaki, aka kwantar da ni. Hadje tana kaina, waya ta mutu ba ta kula ba. Jiya aka sallamo ni. Takardunki biyu na tarar a kan tabarma, na karanta su a jere. Ina karanta ta farko ina ihu, Hadje ta shigo a guje, ba ta gane me nake cewa ba. Da na buɗe ta biyu na daina ihun.

Safiya, ban ce ƙara ba. Cewa na yi KAR A SA BABBA. Kar a sa. Hani ne. Hannu ya gaji, alƙalami ya zame, kalma biyu suka manne. Ban sake dubawa ba na naɗe na ba Hadje.

Fiyus an yi shi ne don ya ƙone. In waya ta taɓa ƙarfe, shi yake mutuwa kafin wuta ta cinye wayar. Da kika sa talatin, wayar ce ta zama mai rauni, ita ta ƙone a madadinsa. Wannan ita ce sauran maganar da na ce sai wani karon. Layi biyu ne. Da na huta kaɗan, da na ƙarasa.

Bertrand ya yi gaskiya. Ki gaya masa na ce ya yi gaskiya.

Duk yaron da ya taɓa koyon aiki a hannuna, abin da nake fara gaya masa ke nan. Sai ga shi ƙanwata ce ta sa babba da takardata a hannu.

Ban san da wane baki zan gaishe da Abduljalil ba. Ki gaya mini halin da yake ciki, kar ki rage mini komai. Ki gaya mini me masu garaji suka ce, ko wutar ta kai ga ƙwaƙwalwa.

Mukhtar


Garoua

Yaya,

Sallama. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare gaba. Ban san ka sake faɗuwa ba, da ban rubuta maka yadda na rubuta ba.

Na ɗauko tsohuwar takardar daga jaka na duba. Yanzu ina ganin "kar a" ɓaro-ɓaro, har ina mamakin yadda na karanta wani abu dabam. Ina jin abin da nake so in gani na gani. Na gaji da tsayawa a daji, sai ga layi yana cewa akwai hanya mai sauƙi. Kwana biyu na yi ba na son in rubuto maka. Ba zan ɓoye ba, na ji haushinka, na ji haushin kaina, na rasa wanda ya fi.

Na gaya wa Abduljalil. Na ɗauka zai yi shiru. Sai ya ce in nuna masa. Ya kawo takardar kusa da ido ya ce, "Ɗan filin nan ne kawai babu?" Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Da ya samu numfashi ya ce in gaya maka ciwonsa ya girmi takardarka, kar ka ɗora wa kanka.

Ka ce kar in rage maka. Zuciyarsa ta yi rauni. In an jona shi a inji jininsa sai ya faɗi, dole su cire shi tun ba a yi rabi ba. An gwada, an sake gwadawa. Jiya wata likita ta kira ni waje, ta yi mini magana a hankali. Ta ce za su ci gaba in muna so, amma kar in sa rai.

Shi ya riga ya sani. Ya ce, "Safiya, kai ni gida. Inna ba za ta gan ni ba, amma ta taɓa ni." Ba ya roƙon komai sai wannan. Na je ajans, direba ya leƙo ya gan shi ya ce ba zai ɗauka ba, mutum sun haura goma a mota kuma ba wurin jingina. Ban ga laifinsa ba.

Saura motarmu. Ƙwaƙwalwa ta tsira, in ji masu garaji. Sun yanke wayoyin da suka narke sun sa sababbi, sun mayar da sha biyar. Ta tashi lafiya. Muna fita ƙofar garaji ta faɗa rami ɗaya, fiyus ya ƙone. Sun ce su dai sun gyara abin da suka gani.

Bertrand ya zo a kan babur ɗinsa, ya ce ba zai koma ba sai da mu. Ba ni da sauran dabara, Yaya. In kana da ita ka aiko da wuri. Ka rubuta da manyan baƙaƙe.

Safiyatu


Domayo

Safiya,

Sallama. Na gode wa Abduljalil. Ban cancanta ba, amma na gode.

Na rubuta wannan a zama uku. Kowane layi na sa ɗan maƙwabci ya karanta mini da ƙarfi kafin in wuce.

Tun jiya nake kwance ina bin wayar nan a kaina, daga fiyus har ƙarshe. Sai na tuna abin da ya kamata in faɗa tun farko. MOTARKI SOND BIYU GARE TA. Ɗaya a sama kusa da inji, ita kuka auna, ita aka canza. Ɗaya tana ƙasa, a ƙarƙashin mota, bayan tukunyar salansa. Fiyus ɗaya suke sha. Ba wanda ya leƙa ta ƙasa.

Ga yadda za ku kama ta ba tare da ƙona komai ba.

A CIRE FIYUS. A samo ƙwan fitilar gaba na mota, a ɗaura masa waya biyu, a soka su a ramukan da fiyus yake zama. Ƙwan zai tare wutar, ba abin da zai narke. A murɗa makulli, KAR A TAYAR. Ƙwan zai yi ja kaɗan ko ya yi duhu. Ke ki zauna ki zuba masa ido. Bertrand ya shiga ƙarƙashi ya riƙa girgiza wayar sond ta ƙasa, taƙi bayan taƙi. Inda ƙwan ya haska fari tas, NAN NE. Ya duba musamman inda waya ta bi ta gefen farantin da ke kare zafin salansa. Bakinsa kaifi gare shi.

In an samu, a yanke wurin, a haɗa da dalma, a rufe da kyau, a ɗaure wayar nesa da ƙarfe. A auna hitar ta ƙasa kamar yadda aka auna ta sama. Sannan a mayar da SHA BIYAR.

Fitilar nan ruwan ɗorawa ba za ta mutu nan take ba, sai an yi tafiya. Kar ta dame ki.

Da ina da ƙafa da na zo na kwanta a ƙarƙashin motar nan da kaina. Aikin da bai fi shan shayi ba.

Allah ya kai ku gida.

Mukhtar


Tcholliré

Yaya Mukhtar,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi. Na san Hadje ta gaya maka, Rosalie ta ce ta same ta a waya. Na gode da addu'a. An yi sadakar bakwai, mutane sun fara raguwa, shi ya sa na samu zama in rubuto. Ina so ka ji daga hannuna.

Takardarka ta iso da safe, kafin azahar muna garaji. Bertrand ya ɗaura ƙwan yadda ka ce. Na zauna a kujerar direba da shi a tafin hannuna, ja kaɗan kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Yana ƙarƙashi yana cewa, "Yanzu fa?" ina cewa babu. "Yanzu fa?" Babu. Har na fara cewa a raina wannan ma ba ita ba ce. Sai ƙwan ya haska, har na kusa yar da shi. Na yi ihu, "Nan! Nan!"

Ya ce in sauko in gani. Na kwanta a ƙasa da zanena na leƙa. Wani ɗan maƙalin roba ne ya karye, wayar ta sauko ta kwanta a bakin farantin. Inda ta goge bai kai faɗin farcen ɗan yatsana ba. Jan ƙarfen yana ƙyalli. Na daɗe ina kallonsa. Bertrand ya ce, "Madam, tashi, ƙasa da sanyi."

Ya yanke, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya ɗaure ta sama. Hitar ƙasa lafiyarta lau. Muka sa sha biyar. Ya ɗauki motar ya bi da ita duk ramukan unguwar da gangan, ta dawo tana aiki.

Washegari bayan asuba muka sa hannu a takardar asibiti. Na kwantar da kujerar gaba rabi, na jera masa matasai. Bertrand yana binmu a babur. Da muka hau gada Abduljalil ya ce in rage gudu, yana so ya ga ruwa. Kogin ya cika har ya shanye gonakin bakinsa. Ya ce bana masunta za su ji daɗi.

Bayan Ngong ya ce, "Fitilarki ta mutu." Na duba, ta mutu kuwa. Ban ma lura ba. Ya ce, "Ki gaya wa Yaya hannunsa na nan."

A Guidjiba na jiƙa masa leɓe da ruwa. Muka sauka daga kwalta muka shiga gargada. Ina jin numfashinsa a gefena, yana ja, yana tsayawa, yana dawowa. Mun wuce bishiyar da muka yini a gindinta, ban nuna masa ba. Can gaba kaɗan ya ja, ya tsaya. Na jira ya dawo. Na ci gaba da jira ina tuƙi.

Ban taka burki ba, Yaya. Na san in na tsaya Bertrand zai zo taga ya faɗi abin da ba na so a faɗa. Na miƙa hannu na rufe masa ido, na yi masa kalmar shahada, na mayar da hannu kan sitiyari. Na ce gida ya ce in kai shi. Motar ta bi ramuka, ta bi rafi, ta hau tudu, ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Tunda muka saye ta ban taɓa jin injin ya yi daɗi haka ba.

A ƙofar gida na kashe ta. Rosalie ta fito da Inna tana riƙe da hannunta. Inna tana cewa, "Sun iso? Ina yake?" Aka buɗe mata ƙofar gefensa. Ta laluba ta sami fuskarsa, ta shafa goshi, ta shafa gemu. Da sauran ɗumi a jikinsa. Ta ce, "Ka rame, Abdu." Ta ci gaba da shafawa tana yi masa faɗan bai ci abinci ba. Ba wanda ya iya gaya mata. Ita da kanta ta kai hannu wajen hancinsa, ta bar shi a can.

Ni kuwa na kasa sauka. Yatsuna sun ƙi sakin sitiyari. Sai da Rosalie ta zagayo ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Ka huta da hannun nan, ba sai ka amsa da wuri ba. Babu sauran abin gaggawa a nan.

Ƙanwarka,
Safiyatu